Dikon Saura-Ƙiris da Ruwan Shuka

Duk ƙasar Agiye ba a taɓa ganin dikon mai kwarjinin Dikon Timoti ba. Masu hassada za su ce ai ba a cika ganin dikon ba ma a wajen, amma mu ba ruwanmu da masu hassada.

Dikon, ga wanda bai sani ba, shi ne wanda taki ɗaya ya rage masa ya zama Fada a cocin Katolika. Timoti ba ya barin kowa cikin duhu a kan wannan. Mai ƙosai ta ji, ɗan kabu-kabu ya ji. "Saura ƙiris," yakan ce, yana nuna ƙiris ɗin da yatsu biyu. Kafin wata ya mutu sunan ya bi shi.

Sai kuma dogon ƙyallen ibada da dikon ke ratayawa a karkace, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Nasa ya sha guga har ya fara ƙyalli. Ranar da ya ratsa tasha da shi, wani jandarma ya ƙame ya sara masa, ya zaci magajin gari ne, don shi ma irin wannan ƙyallen yake ratayawa. Saboda tsabar tawali'u, Timoti bai kunyata bawan Allah da gyara ba. Ya ɗaga masa hannu kawai.

Ana nan Fada ya aike shi wani ƙauye bayan Cadawa, ya yi wa'azinsa na fari. Cocin ɗaki guda ne na laka, masu ibadar ba su wuce gida biyar ba. Timoti ya shirya musu abin da zai ishi babban birni.

To, da asubahin Lahadin sai ruwan fari ya sauka, irin mai jiƙa ƙasa har kamu guda. Kowa ya san ranar nan ba ta zama ba ce. Maƙwabta Musulmi tun da suka sallame salla suka saɓi sungumi. Kiristoci kuwa suka biyo ta coci da irin hatsi da na wake, suka jibge a gaba, a sa albarka su wuce gona kafin rana ta shanye laimar.

Jibo, dattijon cocin, ya matso. "Malam Dikon, ka ɗan yayyafa muna ruwan albarka mu tai, ƙasa ba ta jira."

"Baba Jibo," in ji Timoti, yana gyara ƙyalle, "shekara da shekaru na yi ina karatu a Burkina. Ba a sa albarka kafin wa'azi. Ƙasa ta jira."

Ya tsaya tsakiyar buhuna, ya lumshe ido, don ya lura manyan masu wa'azi ba sa kallon jama'a. Kan maganarsa kuwa shi ne shuka a kan kari.

"Ya ku 'yan'uwa! Malalaci ne ke zaune alhali ƙasa ta jiƙa! Wannan batu ya kasu kashi bakwai."

A kashi na biyu Jibo ya ja buhunsa a hankali, ya yi wa buhun alamar gicciye da kansa, ya fice da sanɗa. A na uku mata suka bi shi, ƙorai a ka. Timoti ya ji cocin ya yi tsit, ya ce a ransa lalle magana ta ratsa zukata. Sai ya ƙara kashi na takwas, kyauta.

Da ya buɗe ido rana ta take tsaka. Benci babu kowa, sai tsohuwa Habi ita kaɗai, ta zuba masa ido ko ƙiftawa ba ta yi. Zuciyarsa ta karye, amma nan take ta miƙe. Ashe dai akwai mai kunne!

"Iya," ya ce, "kowa ya bi duniya, ke kika tsaya. Faɗa mini, wane kashi ne ya riƙe ki?"

"Ƙafarka ce, ɗan nan," in ji Habi. "Tun safe kake take da bakin buhuna. Ɗaga, ko na samu in shuka bayan ɗaki."