Yadda Za Ka Kori Maƙwabcin Shagonka Ka Ci Kasuwa Kai Kaɗai

Masana tattalin arziki sun ce gasar 'yan kasuwa tana amfanar mai saye. To, kai mai saye ne? Bi matakan nan, na ba ka tabbaci layin zai zama naka kai ɗaya. Na gwada su a kan Bouba, mai sayar da kayan famfo a unguwar Akébé, sun kuwa yi aiki fiye da yadda ya so.

1. Gano maƙiyinka

Ba sai ka je da nisa ba, shi ne wanda kuke shan shayi tare. Na Bouba shi ne Derrick, mutumin Jos, shago jikin shago, kaya iri ɗaya. Ran Juma'a Derrick ke tsare masa shago, ran Lahadi shi ya rama. Kada wannan ya ruɗe ka. A ilimance, sunansa abokin hamayya.

2. Yi binciken kasuwa

Wato leƙen asiri. Tura matarka ta taya kan famfo. Hawaou, matar Bouba, ta je da lulluɓi har hanci tana maƙale murya. Derrick ya ce, "Madam, ya jikin Alhaji? Tun safe nake jin tarinsa." Ta dawo da farashi da maganin tari. Farashin kawai za ka duba.

3. Karya farashi

Duk yadda ya sayar, ka sauko ƙasa da shi. Wannan ba asara ba ce, dabara ce. In cikinka ya yi ƙugi, ka yi masa bayani.

4. Daure idan ya zo

Zai zo, kamar yadda Derrick ya zo wa Bouba. "Haba Alhaji, me na yi maka? Wannan farashin ko a masana'anta ba a samu." Maganar ta soki Bouba har zuci, amma ya duƙufa yana jera bututu, ya ce, "Kasuwa ce, maƙwabci." Ka ji ɗalibi na ƙwarai.

5. More nasararka

Derrick ya kwashe kayansa ya koma unguwar Derrière la Prison, kusa da wasu masu kayan famfo. Bouba ya ɗaga farashi, ya miƙe ƙafa yana jira. Ashe masu gyaran famfo suna zuwa ne don su taya nan su taya can, abin da babu a wannan a samu a wancan. Shago ɗaya bai kai a shiga taksi dominsa ba. Suka bi Derrick. Bincikena bai kai nan ba tukuna.

Ran Juma'a Bouba ya saka babbar riga, ya leƙa gefe zai ce, "Derrick, sa mini ido," sai ya ga ƙofa da kwaɗo. Ya tafi masallaci ya bar shagon a buɗe. Har ya dawo, ko ɓarawo bai leƙo ba.

Gargaɗi

Alkawarina shi ne za ka zama kai kaɗai, kuma na cika. Abin da ya biyo baya, ba ruwana. Amma in kana da lambar Derrick, don Allah ka ba Bouba. Ya goge ta tun a mataki na uku.