An Tsare Na'urar Wasan Jikata Don Bincike

Jiya, jama'a, ko kofi ban kurɓa ba na je na bi layi a Ofishin Tantance Nishaɗi. Na'urar wasan bidiyo na je karɓa, wadda na sayo daga waje saboda jikata Tainara za ta cika shekara goma sha biyu ranar Asabar. Wata biyu ke nan tana hannun manya.

A zamaninmu ba a wannan wahala. Kawuna ya tsallaka Paraguay ya dawo da tamu cikin buhun wake. Maɓallanta biyu. In kaset ya ƙi, ka hura masa iska, ka ɗan mari akwatin, sai ya shiga hankalinsa. Ɗana Edvaldo ya taso a zamanin faifai, ya tofa masa yawu ya goge da riga. Ta yau ba kaset ba faifai, wai wasan a sama yake, can inda aka ajiye kwaltar unguwarmu.

Tun farko maƙwabciyata Dona Zuleide ta ce min, "Seu Agenor, sayo mata keke ka huta." Ban ji ba.

Da layi ya zo kaina, akawu ya ce, "Ana kan bincike, ka dawo Litinin." Bai rufe baki ba aka kwarma ihu daga ciki: "Ta shiga!"

Na leƙa. Ga Mai Girma Babban Mai Tantancewa ya jiƙe da gumi a gaban talabijin, riƙe da abin dannawa na na'urar jikata yana wasan ƙwallo, mataimakansa uku na tafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, binciken ya yi nisa?"

Ya ce, "Muna duba ko tana da haɗari ga yara." Sai ya rage murya. "Tsakani da Allah, dattijo, wanne ake dannawa? Tamu ta da maɓalli biyu ne."

Tausayi ya kama ni, ashe sa'ana ne. Na kira Tainara a waya, na haska mata shi.

Ta ce, "Kaka, wane ne wannan? Ka ce masa a kife ya riƙe abin. Kuma ai bai ma kunna nasa ba."

Ashe duk wata biyun nan mataimaka ne ke zura wa kansu ƙwallo, oga na ɗaukar kofi. Allah ya ƙara mana ma'aikata masu sadaukarwa irin waɗannan.

Nan take ya buga hatimi, ya rubuta: "A sake ta. Amma tana sa yara raina manya."

Na rungumo ta zuwa gida, Tainara na tsalle, Dona Zuleide ta shigo kallo da farantin soyayyen rogo. Muka jona. Na'ura ta yi haske, ta yi kiɗa, sannan ta rubuto cewa sai ta sabunta kanta, mu jira awa tara.

Ban ga laifinta ba, wata biyu ta yi tare da ma'aikata. Da za ta iya magana, na san cewa za ta yi mu dawo Litinin.