Jarumin da Yaya Ya Bar Mini Amana

Da Yaya zai ƙetara Benin neman aiki, ya bar mini na'urarsa ta wasan bidiyo a Bagudo. Ya ce, "Ki kula da jarumina na cikin wasan. Kar ki shiga kogon matattu, ba dole ba ne."

Kewarsa ta sa na kunna. Ni da na gama jami'a, kogo zai gagare ni? A ciki na tarar da fatalwa tana kuka, wai ɗan'uwanta take jira. Na ajiye takobi ina tausaya mata. Ta maƙure jarumin, dokinsa da sulkensa suka salwanta.

Inna har ta'aziyya ta yi mini.

Yaya bai dawo ba. Duk ya kira sai ya ce, "Ƙanwata, ya ƙawarki ta kogo?" Nakan bar shi ya yi ta dariya, don kar ya kashe wayar.