Ranar da Na Kayar da Mai Usur a Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauko dattijon da na fi ƙauna a harkar wasan kwaikwayo, na kai shi tsakiyar kasuwa na tozarta shi.

Ni tun ina yaro a garin Isa ban damu da manyan jarumai ba. Nawa su ne 'yan gefe, masu fitowa minti biyu su tafi da hankalin mutum. Babbansu a wurina shi ne Baba Ummaru Mai Usur. A wani wasan barkwanci da ake nunawa a talabijin daga Sakkwato a wancan zamani, shi ne ɗan sandan da ke isowa bayan an gama faɗa, da gajeren wando, da gashin baki na jelar akuya liƙe da ƙaro, ga usur a wuya. Zai busa, ya ƙame, ya yi taku uku, ya faɗi warwas. Kowane mako haka, kowane mako kuma sai mun riƙe ciki. (Shirme ne tsantsa, bangon ɗakin ma tabarma ce tana rawa, amma faɗuwar nan ba kowa ya iya ta ba.)

Bara na gano yana Sabon Birni. 'Yan bindiga sun tashe su daga Gatawa, yana zaune a zauren surukinsa yana tufkar igiya, masu wucewa ba su san ko wane ne ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ana cikin haka na kalli wani fim na 'yan sanda biyu, irin waɗanda ba sa ga maciji da juna, daga baya su zama aminai. Awa biyu na ɓata, ko murmushi ban yi ba. Nan take na yanke cewa ni, malamin firamare mai waya da babur, zan yi wanda ya fi shi, ni da Baba.

Na je na same shi da maganar, sau uku yana ƙi. Ya ce ya tsufa, gona ta tafi, gida ya tafi, a gidan suruki yake ci, mutuncinsa kaɗai ya rage masa. Na rantse masa cewa mutuncin nan zan ƙara masa. Da rantsuwar ya yarda.

Kafinta ya sassaƙa mana bindiga, na shafe ta da baƙin mai. Muka sa baƙaƙen kaya, muka nufi kasuwar wani ƙauye a hanyar Bafarawa, inda abokina Sani ke jira a rumfar masu hatsi da wayar da zai ɗauke mu bidiyo. Ban sanar da maigari ba, ban sanar da 'yan sa-kai masu gadin garin ba, wai don mamakin mutane ya fito na gaske. Baba kuma ya rufe fuska da rawani kada iska ta cire gashin bakin. (Ni fa haifaffen nan ne. Na san abin da mutum biyu a babur da bindiga da rufaffiyar fuska ke nufi a ƙasarmu yanzu. Son fim ya ɗauke mini hankali.)

Muna shiga kasuwa ta watse. Masu nono suka zubar da ƙore, awaki suka tsinke, Sani ma da ya san shirin ya bi sahun masu gudu. Kafin in tsayar da babur 'yan sa-kai sun kewaye mu da bindigogin gaske, suka durƙusar da mu a rana.

Shugabansu, wani mai furfura, ya yaye rawanin. Ya daɗe yana kallon gashin bakin da ya karkace da usur ɗin.

"Baba, halan kai na, Mai Usur na talabijin?"

"Ni na."

"In kai na, tashi ka yi muna abin nan naka, jama'a su gani."

Ba wulaƙanci yake nufi ba. Mutane sun dawo da sanduna, dole a nuna musu shaidar cewa mu ba 'yan bindiga ba ne. Baba ya miƙe, ya gyara wando, ya busa, ya ƙame, ya yi taku uku, ya faɗi warwas. Duk tsufansa ko taku ɗaya bai ɓata ba.

Kasuwa ta yi tsit. Wata mata na can tana kiran sunan 'yarta da ta ɓace a gudun. Mutum ɗaya ne kawai ya yi dariya, ni ne. Dariyar yarinta ce ta kuɓuce mini ina durƙushe, har da ƙyaƙyatawa, idon kowa ya dawo kaina, har da na Baba yana kwance a ƙasa.

Shugaban ne ya ba shi hannu ya tashi. Da aka sallame mu Baba ya ƙi hawa babur ɗina. Ya ciro usur ya damƙa mini.

"Riƙe, Malam. Dauri in mutane sun ji wagga busa tahowa sukai. Yau ka gani da idonka."

Wani ya ɗauki faɗuwar a waya, kafin Juma'a ta isa hannun surukinsa. Baba ya daina zama a zaure, in na je gaishe shi sai a ce yana barci.

Abin da na koya shi ne, in ina ƙaunar ɗan wasa in ƙaunace shi daga nesa. Fim ɗin nan da na raina kuwa na sake kallonsa. Har yanzu ba daɗi, amma ba tsohon da ya durƙusa a rana saboda shi.