Jeren da Ba a Sa Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya ruɗa ni, da ranar da na raka 'yata Habiba gidan adana kayan tarihi da zane-zane a Kano. Zanenta ne ya yi na ɗaya a makarantarsu ta Gwarzo, aka ce za a kafa shi a can, a kira sunanta a gaban manyan baƙi. Murna a wurina ba a magana. Kaf garinmu Garo babu gidan da ban shiga na ba da labari ba.

A shekarar da aka fara Shari'a ne, kowace mace ta ɗinka hijabi. Duk da tsadar rayuwa na yanko yadi, na ce wa tela ya yi mini har ƙasa (ni da na saba da ɗan gyale).

A mota Habiba ta raɗa mini, "Inna, don girman Allah, kallo kawai ake yi a can. Kada ki taɓa komai."

Na ce, "Ke tafi can, yarinya ce ni?"

To, sana'ata jere ce. Daga Garo har Dugabau, in ba ni na jera wa amarya kwanuka ba, ɗakin bai cika ba. Ku riƙe wannan.

Mun sha kallo kam: rigunan saƙi, ƙorai masu zane, ga zanen Habiba a bango, mata a bakin rijiya kamar su yi magana. Sai da na yi ƙwalla. Da aka fara taruwa a babban zaure, na ɗan leƙa wani lungu, sai ga ɗakin amarya irin na zamanin da, an gitta igiya a ƙofa.

Jama'a, wanda ya yi jeren nan bai ji tsoron Allah ba. Samira a tsakiyar tasoshi, babbar kwalla a kan ƙarama, faifai a kife, ga ƙura. Na kau da kai, zuciyata ta ƙi. Na ce bari in gyara faifan nan kaɗai. Na tsallake igiya.

Daga faifai na koma kwalla, daga kwalla na sauke layi guda ina gogewa da bakin zane. Wallahi daɗi nake ji, har da 'yar waƙata. Ina ɗora ta ƙarshe na ji lasifika ta ce, "Habiba daga Gwarzo."

Na juya da gudu. Ashe bakin hijabin ya maƙale a hannun kwallar ƙasa.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Wani murfi ya gangara, ya bi baranda, bai tsaya ba sai cikin zauren. Baƙi suka watse daga gaban Habiba suka yo kaina. Suka same ni a zaune cikin kwanuka, tasa a cinya.

Shugaban gidan, wani dattijo mai tabarau, ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, ba haka ake jere ba."

Aka kwashe da dariya. Can baya na hango Habiba, kyautarta a hannu, babu wanda ya tafa mata. Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Allah ya taimake ni ba abin da ya fashe, sai lotsawa. A hanyar komawa, har muka wuce Kabo Habiba taga take kallo, ni ma kunya ta hana ni ba ta haƙuri.

Bayan shekaru, ranar jerenta, na tsaya a bakin ƙofa na naɗe hannu cikin hijabi. Ta ɗaga mayafi ta dube ni.

"Inna, shigo mana. Nan babu igiya."

Tun daga ranar Kano na gane cewa gwaninta ma sai an gayyace ta. Amma tsakani da Allah, jeren nan nasu ba daidai yake ba.