Akwatin Ra'ayi da Akuyar Jikata

Jama'a, ku fara yi mini jaje kafin mu gaisa. Jiya tun gari bai gama wayewa ba na tura babur ɗina na shiga layin mai, ina lamba ta arba'in da ɗaya. Na san lambar ne domin wani bawan Allah ya bi mu da alli yana rubuta wa kowa a tanki, wai don kada a yi rigima. Rana ta take, lambata na nan, ni ma ina nan. Da ya rage saura babura uku a gabana, sai ga baƙaƙen motoci guda bakwai sun shigo ta ƙofar fita, yadda manya suka saba shiga ko'ina. Aka cika musu ciki, aka cika jarkokin da ke bayansu, sannan mai ba da man ya rataye tiyo ya ce mana, "Sai kuma gobe, in an kawo." Haka na turo abina gida, gumi har cikin takalmi.

Amma ban yi zaman banza ba, da littafi na je. Kun san shi, ko ba ku buɗe ba kun ga bangonsa: wanda Mai Girma Yallaɓai Rumbun Dabara, Allah ya ƙara masa shafuka, ya rubuta don koya mana kasuwanci. Tsanin Arziki Mai Hawa Goma Sha Biyu. Hawa na farko ya ce ka riga kowa tashi. Na duba, har zakara na riga. Hawa na biyu ya ce mai son arziki ba ya barin sa'a guda ta wuce shi a banza. Ni fa mai gyaran agogo ne, shekara talatin ina leƙa cikin sa'a da gilashi a ido, kuma ga shi ina kallon guda shida suna wucewa ta gabana ko sallama babu. Hawa na uku ya ce ka fara da abin da ke hannunka, ya kuma ba da misali da kansa, yadda ya fara da 'yan manyan motoci shida kacal da kawunsa ya ba shi. Na dubi hannuna, murfin tanki ne a ciki.

Maƙwabcina Mai Aski yana bayana a layin, ya leƙo ta kafaɗata.

"Mai Agogo, kai ma ka shiga sahun masu neman arziki ke nan?"

"Karatu dai nake yi."

"Ai ni na gama da shi tuni. Har na rubuta ra'ayina na jefa a akwati. Na ce littafi ne da ya daidaita mini sana'ata."

"Wane hawa ne ya daidaita ta?"

"Wane irin hawa kuma? Kujerar askina ce ƙafa ɗaya ta gajarce. Tun da na tura shi ƙarƙashi ba ta sake girgiza ba, ban kuma sake yanke kunnen kowa ba."

To, bari in gaya muku zancen akwatin nan, don shi ne ya sa ni karatun dole.

Muna da ɗakin karatu a unguwarmu, ɗaki ɗaya tal, tsakanin shagon mai walda da famfon da aka yi bikin buɗe shi sau biyu bai taɓa kawo ruwa ba. Kanta biyu ce a ciki. Doguwar ta littattafan kasuwanci ce, rabinsu na Yallaɓai. Gajeriyar, wadda ba ta wuce gwiwata ba, ta littattafan hotuna ce na yara, da tabarma shimfiɗe a gabanta. Watan jiya Malama mai kula da ɗakin ta sami takarda daga sama. An ce juzu'i na biyu na littafin Yallaɓai ya fito, kwali ashirin na nan tafe, wuri kuma babu, saboda haka dole kanta ɗaya ta tashi. Da yake manyanmu adalai ne, ba sa yin komai sai da shawarar jama'a, sai suka aiko da akwatin ra'ayi. Kantar da masu karatu suka fi yabo ita za ta zauna. Sharaɗi uku ne kawai: mai karatu ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, ya rubuta lambar wayarsa.

Ku dubi hikima. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Masu karanta littattafan hotunan nan babbansu shekararsa shida, ƙaraminsu kuwa har yanzu da baki yake fara karatu kafin ido. A cikinsu babu mai waya, sai wani guda da ke yawo da ta roba mai kukan agwagwa.

Za ku ce mene ne nawa a ciki, tsoho da furfura. Jikata ce a ciki. Muna ce mata Me-ya-sa, kuma ba da wasa ta sami sunan ba. Yarinyar nan har ta shekara uku ba ta haɗa kalma biyu ba. Uwarta ta yi kuka, kakarta ta yi addu'a, ni kuma na duƙufa kan agoguna irin na maza, kamar abin bai dame ni ba. Wata Asabar na kai ta ɗakin nan don kawai uwarta ta huta. Ta jawo wani littafi na akuyar da ta shiga bas ta cinye hular kwandasta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Kaka, me ya sa?" Wallahi sai da na fita waje na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido. Tun daga ranar bakin bai sake rufuwa ba, har wani lokaci nakan roƙi Allah ya ba ni minti biyar. Yanzu shekararta huɗu da rabi, kuma duk Asabar sai mun je gaishe da akuya. Da ta ji ana cewa za a kwashe kantar, tambayar nan tata ɗaya ta yi mini: me ya sa?

Makullin akwatin ya lalace tun ranar da aka kawo shi, don haka Malama ta bar ni na leƙa. Takardu fiye da ɗari uku, duk na doguwar kanta. Abin sha'awa, sama da rabi da koren biro ɗaya aka rubuta su, da hannu iri ɗaya, har kuskuren rubutun ma iri ɗaya. Haɗin kan masu karatu ke nan. "Wannan littafi ya canja rayuwata." "Wannan littafi ya canja rayuwata matuƙa." Wani ya yaba littafin a layi ɗaya, ya cika sauran takardar da bayanin cewa ya iya tuƙi kuma ba ya shan taba. Guda ɗaya na gani da na tabbata mai ita ta karanta, ta matar da ke sayar da gawayi a bakin titi. Ta ce: "Na kai hawa na huɗu, sai na lura tsanin ba daga ƙasa ya fara ba. In akwai na waɗanda ke ƙasa a aiko mana."

Gajeriyar kanta kuwa ko takarda ɗaya babu.

Sai ni da Malama muka yi dabara. Muka tara yaran a tabarma, kowa ya faɗi ra'ayinsa muka rubuta, ya dangwala yatsa da tawada. Ban taɓa jin masu sharhi marasa tsoro irinsu ba. Ɗaya ya ce yana son giwar domin tana da takalmi. Wata ta ce a ƙara wa zomo ƙani, shi kaɗai ne a gidansu, abin tausayi. Wani mai kumatu ya ce kurar nan muguwa ce, shi ya sa ya cije ta, kuma ga shaidar haƙoran a shafi na tara. Babu wanda ya nemi aiki.

Jiya ce ranar zuwan kwamiti. Abin da ya kai ni layin mai ke nan, don in ɗauki Me-ya-sa a babur, shi ya sa kuma na karanta littafin Yallaɓai, kada a tambaye ni in ji kunya. Da man bai samu ba sai na saɓa ta a wuya muka taka. An ce ƙarfe goma na safe, mu kuwa sai bayan azahar muka isa, kuma ba mu makara ba. Ƙarfe huɗu na yamma, bisa ga agoguna uku da ke jikina, sai ga baƙaƙen motoci guda bakwai. Na gane su, su ne ba su gane ni ba. Mutum biyar suka fito, kowa daga tasa motar, sauran motocin biyu rakiya suka yi.

Sakataren kwamiti ya karɓi takardunmu da yatsa biyu, ya jujjuya.

"Baba, wa ya rubuta waɗannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Su suka faɗa."

"Ba hannunsu ba ne. Ina lambar waya?"

"Ranka ya daɗe, wannan ko lambar takalminsa bai sani ba."

"To ka gani. Doka doka ce." Ya tura su ƙarƙashin fayil.

Shi kuma shugaban kwamiti, Yallaɓai Ƙarami, Allah ya kai shi matsayin babba, ya goya hannu a baya yana duba kantoci. Ya tsaya gaban doguwar, fuskarsa ta washe. Littattafai reras, sababbi ful, yawancinsu ko ledarsu ba a cire ba.

"Kun gani? Wannan shi ne mutunta ilimi."

Ya sunkuya ga gajeriyar da ƙyar, ya ɗago ɗaya da bangonsa ke reto, an ɗinke shi da zare, an manne shi da salatif, gefensa ya yi baƙi saboda yatsu.

"Waɗannan kuwa ai sun mutu. A rubuta: an lalata su, alamar ba a san darajarsu ba."

Na buɗe baki zan yi magana, hawa goma sha biyu duk suna kaina, sai na ji an riga ni.

"Baba, me ya sa littattafanku ba su cire rigarsu ba?"

Me-ya-sa ce, ta riƙe gefen rigar Yallaɓai Ƙarami. Malama ta sunkuyar da kai tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

"Saboda... saboda suna da tsada, 'yata."

"Me ya sa ba wanda ya buɗe? Ba daɗi ne?"

"Da daɗi mana. Sosai ma."

"To ba ni labarin."

Jama'a, labarin zuciya a tambayi fuska. Yallaɓai Ƙarami ya dubi sakatare, sakatare ya dubi fayil. Ni kaɗai ne a ɗakin nan na san abin da ke hawa na uku, na kuwa kama bakina, don ba ni aka tambaya ba.

Da ta ga ba shi da labari sai tausayi ya kama ta. Ta zare littafin da ke hannunsa, ashe na akuyar ne, ta ja shi ta ce ya zauna. Ya duba babu kujera kusa, yara goma sha biyar kuma sun zuba masa ido, sai ya tattare riga ya zauna a tabarma. Ta buɗe ta fara. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ba ta tsallake kalma ba. Akuya ta shiga bas. Akuya ta cinye hular kwandasta. Yaran suka amsa baki ɗaya, "Me-e-e!" Akuya ta cinye jaridar wani mai tumbi, a nan direbobin da ke leƙe ta taga suka fashe da dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Akuya ta matsa gaba, ta matsa gaba, har ta tsaya bayan direba tana kallon kunnensa.

Sai ta rufe littafin.

"To sai me ya faru?" in ji Yallaɓai Ƙarami. Da bakinsa, a gaban shaidu.

"Me ya sa ba za ka karanta da kanka ba? Ai kai babba ne."

Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya yi gyaran murya irin ta taro. Ya ce lamarin ya fi yadda aka zata zurfi, bai kamata a yi gaggawa ba. Za a kafa ƙaramin kwamiti ya binciki matsayin masu karatun da ba su iya rubutu ba, kuma kada a taɓa kanta ko ɗaya sai rahoto ya fito. Kwalaye ashirin ɗin a ajiye su a ofis tukuna. Sannan ya soke littafin akuya a hammata, wai zai tafi da shi domin bincike.

Malama, Allah ya yi mata albarka, ta miƙo masa katin aro da biro.

"Mako biyu ne, ranka ya daɗe. A sa hannu a nan. Da lambar waya."

Ya sa. Tun da nake ban taɓa ganin an ba babban mutum kayan jama'a da sharaɗin ya dawo da shi ba.

A hanyar gida tana bisa wuyana, ta yi shiru har na fara tsorata. Can ta ce, "Kaka, zai dawo da akuyata?" Na ce zai dawo da ita. Na faɗa da ƙarfi, don ni ma in ji in yarda.

Kantar dai tana nan. Ku da kuka san ƙananan kwamitoci kun san kafin rahoton nan ya fito jikata ta iya rubutu, ta iya sa hannu, wataƙila har ta yi waya. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda Allah ya haɗa shi da Yallaɓai Ƙarami, ko a ƙofar fita ta gidan mai ce, ya gaishe shi da ladabi, kada ya kuskura ya tuna masa da zancen rahoto. Ya dai raɗa masa cewa Asabar ta sama akwai mai jiran akuyarta.