Azumin da Ya Rina Min Harshe

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na je Sandamu gaida surukaina ba, saura wata guda a ɗaura min aure. Ranar ana zafi kamar me, sai na tsayar da babur a bakin tasha a Daura, na sayi ƙanƙarar ledar nan shuɗiya da yara ke tsotsa. Biyu na shanye (to, uku ne, tunda na ɗauko faɗin gaskiya). Na goge baki na kama hanya.

Mahaifin yarinyar malami ne mai kwarjini. Aka shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo fura da nono. Kowa ya san ba a cin abinci gaban suruki, kuma da na ce na ƙoshi da an wuce wurin. Amma ni sarkin son burgewa sai na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, ina azumi."

Malam ya ji daɗi. "Madalla. To ɗana, yi mana addu'a, ta mai azumi karɓaɓɓiya ce."

Na ɗaga hannu, na wage baki, na jawo Larabci har da jan murya. Ina cikin yi Gwaggo Hajara ta shigo, ƙanwar Malam ce da ta yi ritaya daga aikin jinya. Ana shafawa ta ƙura min ido.

"Yaya, dubi leɓen yaron nan. Kai, fito da harshenka."

Na fito da shi, ashe shuɗi ne kamar an tsoma shi a marina.

"Mun sha ganin masu ciwon zuciya bakinsu ya yi haka," in ji ta. "Kar a ba da yarinya sai an gwada shi."

Nan fa ido ya raina fata. Ko in zama majinyaci a ɗaga aure, ko in zama maƙaryaci a gaban surukina. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, ƙanƙara na sha."

Ta yi dariya har da hawaye. "Kalar abinci ce, irin ta kek da alewa. In ta gaske ce, kaɗan ba ya komai. Amma akwai masu zuba ta rini, ka daina tsotsar abin da ba ka san mai haɗa shi ba."

Malam bai yi dariya ba. Turo min ƙwaryar kawai ya yi, ya ce, "Sha ruwa, ɗana. Da alama rana ta riga ta faɗi a Daura."

An ɗaura auren, ga 'ya'ya har uku. Amma duk Alhamis ɗin da na je gaisuwa sai ya tambaye ni, "Yau azumin wace kala muke yi?"

Tun ranar, in an kawo min fura a gidan surukai, cewa nake na ƙoshi. Ko shi ma sai na leƙa madubin babur tukuna.